Ruwa ba ya tsami banza: me ke sa zaki ya koma cin mutane?

 Yau za mu ɗan bar zancen awon ciki da kunun yaye, mu leƙa daji. Kar ki ce me ya haɗa ma'aikaciyar jinya da zaki. Ki dai gyara zama, kafin mu kai ƙarshe za ki ga zancen ya biyo ta ƙofar ɗakinki.

Yaranmu sun san zaki a tatsuniya da katun da gidan zu. A wasu ƙauyukan Tanzaniya da Mozambik kuwa, uwa kamarki takan ƙirga 'ya'yanta da magariba saboda shi. A ɗabi'arsa zaki gudun mutum yake yi. Abincinsa ɓauna ce da jakin dawa da gwanki da dangoginsu, kuma mafi yawan zakunan duniya har su mutu ba su san ɗanɗanon naman ɗan'adam ba. Shi ya sa idan aka ga wani ya koma farautar mutane, masana sukan yi masa irin tambayoyin da muke yi a asibiti idan cuta ta ɓarke a unguwa: a ina ta fara, yaushe, su wa ta fi kamawa, kuma me ya sauya kafin ta zo?

Zakuna biyu na kogin Tsavo

Labarin da ya fi shahara ya faru a ƙasar Kenya a shekarar 1898. Turawan Ingila na shimfiɗa titin jirgin ƙasa daga Mombasa zuwa Yuganda, suka kawo dubban leburori, akasarinsu daga Indiya. Da aiki ya kai kogin Tsavo sai aka tsaya gina gada, ƙarƙashin wani injiniyan soja mai suna John Henry Patterson. Nan ne wasu zakuna maza guda biyu, marasa geza, suka addabi sansanin har tsawon wata tara. Cikin dare za su shigo su fizgi mutum daga tanti su shige duhu da shi. An yi shingen ƙaya, an hura wuta, amma ko dai su tsallake ko su kutsa ta ƙasa. Abin ya kai ɗaruruwan ma'aikata suka gudu, aiki ya tsaya cik na wajen mako uku.

Patterson ya harbe na farko ranar 9 ga Disambar 1898, na biyun kuma bayan kwana 20. Daga baya ya ce mutum 135 suka kashe. Ya sayar da fatunsu da ƙoƙon kawunansu ga gidan tarihi na Field da ke birnin Cikago a Amurka kan dala 5,000, kuma har yau suna can ana zuwa kallonsu.

Ajiyar da aka yi musu ce ta ba masana damar yi musu binciken da ya yi kama da na gawa a asibiti. A 2009 aka gwada gashinsu da ƙashinsu, domin abin da dabba ke ci yana barin alama a jikinta. Sakamakon ya nuna mutanen da suka ci sun kai kimanin 35: ɗaya ya ci wajen 24, ɗayan wajen 11. Da aka duba bakin wanda ya fi ɓarna, sai ga fiƙarsa a karye, saiwar ta yi ƙurji ta tara mugunya.

Duk wadda ta taɓa kwana da ciwon haƙori ta san ko tuwo mai laushi da ƙyar yake shiga. To ki auna dabbar da sana'arta ita ce ta damƙi maƙogwaron ɓauna ta riƙe har numfashi ya ɗauke. Mai irin wannan baki zai nemi abin da ba ya shuri, ba ya da ƙaho, ba ya da kaurin fata. Mutum mai barci a tanti ya cika waɗannan sharuɗɗa duka.

Akwai kuma abin da ya faru da dajin kansa. A farkon shekarun 1890 annobar bushiya ta ratsa Afirka, ta karkashe shanu da ɓauna ba adadi, har garkunan Fulanin ƙasarmu ba ta bari ba. Dajin Tsavo ya yi ƙarancin nama. Sannan wurin tsohuwar hanyar fatake ce ta bayi da hauren giwa, inda ake yar da waɗanda suka mutu a hanya ba tare da binnewa ba. Yunwa, ciwon haƙori, sabo da gawar mutum, ga kuma dubban mutane sun zo sun kwanta a cikin tantin yadi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An sake ganin irin wannan a ƙasar Zambiya a 1991, a yankin Mfuwe, inda wani zaki ya ci mutum 6 kafin a harbe shi. Shi ma da aka duba, an tarar da rauni a muƙamuƙinsa.

Tanzaniya: lafiyayyun zakuna, matalautan manoma

Kar mu ɗauka duk zakin da ya ci mutum majinyaci ne. Abin da ya faru a Tanzaniya a zamaninmu ya nuna lafiyayyu ma suna yi idan hanya ta buɗe musu. Wani masanin zakuna na jami'ar Minnesota, Craig Packer, tare da abokan aikinsa 'yan Tanzaniya, sun tattara bayanai suka wallafa a 2005. Daga 1990 zuwa lokacin, zakuna sun kashe mutum fiye da 560 a ƙasar, sun raunata fiye da 300. Abin ya fi ƙamari a kudu ta wajen gaɓar teku, musamman gundumomin Rufiji da Lindi.

Me ya kawo su cikin mutane? Jama'a sun ƙaru, daga miliyan 23 a 1988 zuwa fiye da miliyan 34 a 2002. Gonaki suka ci daji, manyan namun dawa suka ragu. Abin da ya rage da yawa shi ne aladen daji, wanda ke fita da dare ya tone gona ya cinye amfanin shekara. Mutanen yankin akasari Musulmi ne, ba sa cin alade, don haka farautarsa ba ta dame su ba, sai ya yaɗu. Zaki ya rasa ɓauna, ya koma bin alade. Alade ya nufi gona, zaki na biye da shi. A gonar kuma akwai manomi kwance a 'yar bukkar ciyawa, yana gadin masararsa ko shinkafarsa, don in ya kwana a gida iyalinsa ba su da abin ci a shekarar. Shi ya sa hare-haren suka fi yawa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da amfanin gona ke nuna a can.

Ga inda abin ya fi taɓa ni a matsayina na uwa. Binciken ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda abin ya rutsa da su yara ne 'yan ƙasa da shekara 10. An kama yara suna wasa a waje. An kai wa masu shayarwa hari. An ja mutane daga shimfiɗarsu, saboda gidajen jinka ne, wasu har bangon ma na ciyawa ne. An tare wasu a hanyar bayan gida, domin makewayin yana nesa da ɗaki. Idan kika duba jerin nan da kyau, talauci za ki gani tun kafin ki ga zaki. Mai ɗakin bulo da ƙofar ƙarfe da bayan gida a cikin gida bai shiga wannan lissafi ba.

Zaki ɗaya a Rufiji, tsakanin 2002 da 2004, an ɗora masa alhakin mutum aƙalla 35. Kuma akwai hatsarin da ya fi wannan: idan zakanya ta koyi kama mutum, 'ya'yanta a wurinta suke koyon farauta, sai abin ya zama gado.

Har wata ma da hannunsa a ciki

Mu da muke lissafi da watan sama, wannan zai ba ki sha'awa. A 2011 Packer da abokan aikinsa suka jera ranakun hare-haren kusa da kwanakin wata. Sai suka ga yawanci ana kai su ne tsakanin faɗuwar rana zuwa wajen ƙarfe 10 na dare, kuma sun fi muni a kwanaki goman da ke biyo bayan cikar wata.

Dalilin a fili yake. Zaki ba ya jin daɗin farauta a farin wata, domin namun dawa na hango shi. Don haka daga goma ga wata zuwa daren sha huɗu yana fama da yunwa. Bayan wata ya cika kuma, kullum fitowarsa na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ke nan bayan magariba duhu ne ƙirin, a daidai lokacin da mutane ba su riga sun shiga ɗaki ba: ana girki, ana hira, ana aiken yara, ana dawowa daga gona. Mayunwacin zaki da duhu da mutane a waje duk sun haɗu a sa'a guda.

Kin ga abin da nake nufi da cuta mai lokaci. Mun san sanƙarau da zafin bazara yake zuwa, zazzaɓin cizon sauro da damina, amai da gudawa idan ruwan sha ya gurɓace. Harin zaki ma yana da watansa, da darensa, da sa'arsa. Abin da kuwa aka san lokacinsa, ana iya shirya masa.

Idan aka ce maita ce

Yanzu mu zo ga ɓangaren da ya sa na zaɓi wannan batu. A wurare da dama da zakuna suka addabi mutane, amsar farko da jama'a ke bayarwa ita ce: wannan ba zakin Allah ba ne, turo shi aka yi.

A yankin Njombe na kudancin Tanzaniya, daga 1932 zuwa 1947, wani garken zakuna ya yi ta cin mutane, har ana ƙiyasta waɗanda suka mutu sun kai 1,500. Jama'a sun yi imani cewa wani mai sarauta da aka tuɓe ne ke sarrafa su da tsafi don ya rama. Tsoro ya hana mutane da yawa kai rahoto ko taimaka wa masu farauta. Alhali a lokacin gwamnatin mulkin mallaka ta karkashe namun daji a yankin don tare cutar bushiya, zakuna suka rasa abinci. Sai da wani jami'in gandun daji, George Rushby, ya bi su ya kashe guda 15 kafin abin ya lafa.

A gundumar Muidumbe ta arewacin Mozambik kuwa, tsakanin 2002 da 2003, zakuna sun kashe kimanin mutum 50. Jama'a suka ce akwai masu ƙera zaki da sihiri. Aka bi mutane fiye da 20 aka kashe su da hannu bisa wannan zargi. Ki lissafa: ƙauyukan sun rasa waɗanda zaki ya ci, suka ƙara da waɗanda maƙwabtansu suka kashe.

'Yar'uwa, ki cire zaki ki sa zazzaɓi, za ki ga labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu da ke aikin jinya mun saba ganin yaron da ya fara jijjiga tun daren jiya, amma sai la'asar ɗin yau ake kawo shi. A tsakani an yi hayaƙi, an ɗura jiƙo, an je an tsare wata tsohuwa a unguwa an ce ta saki kurwarsa ko ta tsallaka shi. Gwajin jini na 'yan mintoci sai ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kansa. Awannin da aka ɓata wajen neman mai laifi su ne awannin da allura za ta fi yi masa amfani. Tsohuwar kuma, ko yaron ya tashi ko bai tashi ba, ta shiga uku a unguwar har ƙarshen rayuwarta, jikokinta ma sai an goranta musu ranar neman aure.

Na san zafin da uwa ke ji idan ɗanta na shure-shure a hannunta. Zuciya tana son a nuna mata wani ta ce shi ne. Amma addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Ki yi addu'arki a kan hanya, cikin adaidaita sahu, yaron na kafaɗarki.

Abin da ya yi aiki a inda aka nemi dalili

A wuraren da aka tsaya aka tambayi dalili, an samu sauƙi da abubuwa marasa tsada. A Tanzaniya masana sun ba da shawarar a rage aladen daji a kuma kare gonaki daga gare su, domin in alade bai shigo ba, manomi ba ya buƙatar kwana a gona, zaki ma ba shi da abin biyowa.

A Kitengela, daf da gandun dajin Nairobi, wani yaro Bamasaye mai suna Richard Turere shi ke kula da shanun mahaifinsa, zakuna na ta yi musu ɓarna. Ya lura ba sa matsowa idan mutum na zagaya garke da tocila. Tun bai kai shekara 13 ba ya haɗa tsohon batirin mota da faifan sola da ƙananan ƙwayayen fitila, ya jera su a shinge suna kunnuwa suna mutuwa bi da bi, kamar mutum na yawo da wuta. Zakuna suka daina zuwa, maƙwabta suka kwaikwaya, dabarar ta bazu har wasu ƙasashe. Idan kina da yaron da ke kwance rediyo da tocila a gida, ki rage faɗa, ki sa masa ido.

A arewacin Tanzaniya kuma makiyaya na kewaye garke da shinge mai rai: a dasa itatuwa a jere, a ɗaure musu wayar raga. Itacen da suke dasawa shi ne wanda muke kira dashi, wanda kakanninmu ke shinge gona da shi tun tuni. Ga kuma ƙungiyar Lion Guardians da aka kafa a yankin Amboseli na Kenya a 2007, wadda ta ɗauki samarin Masai da a da bajintarsu ita ce kashe zaki, ta mai da su masu bin sawunsa suna gargaɗin makiyaya inda yake. Shanu sun tsira, yara masu kiwo sun tsira, zakunan ma sun tsira.

Mu fa a nan?

A yankinmu zaki ne ke cikin hatsari fiye da mu. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna waɗanda suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a dazuzzukan da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, ciki har da gandun W. A Najeriya 'yan kaɗan ne suka saura a Yankari da Kainji. Akwai su kuma a Waza ta Kamaru da Zakouma ta Chadi. Wataƙila jikokinmu a hoto kaɗai za su san manyan dawa.

Inda yaranmu ke haɗuwa da zaki shi ne gidan zu, musamman da yawon Sallah. Mutanen Kano ba su manta da Oktoban 2019 ba, lokacin da zaki ya kuɓuce daga kejinsa aka yi kusan kwana biyu ana faɗi-tashi kafin a mai da shi. Idan kun je, ki riƙe hannun ƙanana, kar a ɗora yaro a kan shinge don hoto, kar a zura hannu ko abinci ta tsakanin ƙarafa, kar a bar yara su jefi dabba don ta motsa.

Dabbar da ta fi zaki kashe yara kuwa tana nan a lungunmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan kare ko kyanwa ko biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ga abin yi:

Ki wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15. Ki duba agogon wayarki, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo.

Kar ki zuba toka, ko ƙasa, ko barkono, ko man birki, kar kuma a manna gashin karen a ciwon.

Idan jini na zuba da yawa, ki danne da tsumma mai tsabta.

Ki kai shi asibiti a ranar, ko da ciwon ɗan ƙarami ne, a duba batun allurar haukan kare da ta tetanas. Allurar tana aiki ne kafin alamu su bayyana. Da zarar yaro ya fara tsoron ruwa da firgita, da wuya ƙwarai a ceto shi.

Ki kuma saba wa yaranki su gaya miki idan dabba ta cije su. Da yawa suna ɓoyewa don tsoron duka, musamman in sun san tsokanar karen suka yi.

Iyaye mata da ke kusa da Yankari ko Waza ko gandun W, ko waɗanda suka tashi a ruga, ku ba mu labari a ƙasa: yaya iyayenku ke kare garke da yara daga namun dawa? Waɗanda kuma suka taɓa ganin an zargi wata baiwar Allah da maita saboda ciwon yaro, ku faɗa mana yadda aka kashe wutar, ba tare da kama suna ba. Zan karanta, zan kuma amsa tambayoyin da suka shafi cizon dabba a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su daga sharrin dare da na rana. Sai mun sake haɗuwa.